Ƙanƙarar da Na Goya

Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi

Rafi ya ƙara janyewa. Na je na gani da idona, don ba na ɗaukar zancen mata a kan ruwa. Inda a da yake kai wa jif rabin taya, yau akuya ta tsallake ko kofatonta bai jiƙe ba. Na ɗaga kai sama. Ƙanƙarar tsaunin da ke shayar da garinmu Brakna tun zamanin kakanni saura ɗan fari-fari, kamar an shanya tsumma an manta.

Malamin makaranta ya ce hayaƙin motocin duniya ne ya narkar da ita. Yana faɗa yana kallona. Motocina uku ne kacal.

Tankina dai yana nan. Siminti mai kyau, daga birnin Skardu na ɗauko shi, ban roƙi gwamnati ba, ban roƙi kowa ba. Sunana na jikin farin dutse: Haji Rozi Ali. Kafin in gina shi, mata sai sun hau har gindin tsauni da jarka. Wannan kowa ya manta.

Ruwan tanki garau yake.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan azahar

Sakina mai allurar yara ta zo gida. Ko shayi ba ta taɓa ba.

Ta ce, "Haji, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Duk gidan da na ga ido ya yi rawaya, a tanki suke ɗiba. Da can rafi na da ƙarfi, yana shiga yana fita. Yanzu ɗan tsirit ɗin da ke zuwa sai ya bi ta bayan garken shanu da bayan gidajen mutane, ya zo ya kwanta."

Na ce, "'Yar nan, ina goye da kayan Turawa a kan ƙanƙara ubanki bai fara gemu ba. Ke za ki koya mini ruwa?"

Ta ce, "Ba koya muku nake ba, Haji. Idon mutane nake dubawa."

Matata Marziya ta raka ta har ƙofa da busasshen culi, 'ya'yan itacen lambunmu, a gefen mayafi. Sun daɗe suna ƙus-ƙus.

Surukata Tahira ce kaɗai mai hankali a gidan nan. Ta kawo mini shayin gishiri, man shanu ya ji yadda nake so, ta kira ni yadda muke kiran uba a nan, ta ce, "Ata, ku bar su. Ni da cikin nan ina zan hau tsauni? Tankinku ne, a nan zan ɗiba." Ta ce kuma in daina ɗaure fuska, kada jariri ya fito ya gan ni ya koma.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da la'asar

Bayan salla aka zauna a harabar masallaci. Maza kaɗan ne. Samari duk suna Karachi, ko Dubai, ko soja.

Apo Shukur, wanda ya fi kowa tsufa a garin, ya ce a ɗaura wa ƙanƙara aure. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga an yi, yana yaro. Ya faɗi ƙa'idar kamar mai biya karatu. A saro ƙanƙara mace, farar nan mai zub da ruwa, daga kwarin gabas. A saro namiji, mai toka-toka da tsakuwa a jiki, daga wani kwarin dabam. A goyo su a kwando, daga wannan baya zuwa wancan, kada su taɓa ƙasa. Wanda ke goye ba ya magana, ko sallama ba ya amsawa, har sai an kwantar da su tare a kogon da rana ba ta leƙawa, an toshe baki. Mutum ɗaya ya saɓa, an ɓata duka. Kowane gida zai ba da baya ɗaya.

Na ce, "Yaushe za mu sha ruwan?"

Ya ce, "Shekara goma sha biyu, in Allah ya so."

Bakir, wanda muka yi dako tare, ya ce, "To Apo, sai a haɗa maka da kofi a likkafani." Aka yi dariya, har da Apo.

Na miƙe na ce ga motocina, ga mai, kyauta. A wuni ɗaya a kawo ƙanƙarar har bakin hanya. Na ɗauka za a yi kabbara. Apo ya dube ni ya ce, "Ɗan Ali, a garin nan gawa ce ke zuwar mana a mota. Amarya goyo ta ake."

Na ce to ban da bayana. Ranar da na sauke kayan Bature na ƙarshe, kafaɗuna suna tsattsafo da jini, na rantse ba zan ƙara goya ko buhun auduga ba. Da bayan nan na sayi jif na farko. Ya gama aikinsa.

Ɗana Nisar ya ɗaga hannu ya ce shi zai goya wa gidanmu. Bai dube ni ba.

Sai maganar tanki. Wai a rufe, a koma idon ruwan gindin tsauni, a riƙa tafasawa. Na tashi na je na cika kofi na dawo na shanye a gaban kowa. Da aka ce a ɗaga hannu, nan ma Nisar ne na farko.

Asabar, 18 ga Oktoba, da safe

Kwaɗo a bakin famfon tankina. Daga kantina aka ɗauko shi, na san kayana.

Na samu Nisar yana duba tayar jif. Na ce wa ya aike ka?

Ya ce, "Ata, gari ne ya yanke."

Na ce gari ne ya gina?

Ya ce, "Sunanku ne a jiki, amma cikin mutane yake shiga."

A gaban direba. A gaban Marziya. Yaron da na kai har kwaleji da kuɗin dako, ni da na tsaya a aji takwas.

Na ce masa, "Ba za ka ƙara jin muryata ba sai ka cire kwaɗon nan da hannunka."

Marziya ta ce, "Baban Nisar, ka mayar da maganar nan." Ban mayar ba. Ni Rozi Ali ba na tofar da yawu in lashe.

Litinin, 20 ga Oktoba, da magariba

Mun ci tuwon sha'ir kwano ɗaya, ni da shi. Tahira ce ke kai magana tsakaninmu. "Ata, wai ɗanku ya ce a miƙo gishiri. Me zan ce masa?"

Laraba, 22 ga Oktoba, da hantsi

Tun asuba mata ke hawa, jarka a baya, kamar tururuwa. Har da Marziya, da gwiwarta. Na yi kamar ban gani ba. Itace ya yi wuya, an fara saran bishiyoyin bakin rafi don tafasa ruwa. A sare inuwa don a sha ruwa, wannan shi ne wayon da suka zaɓa.

Shayina warin hayaƙi yake.

An binne matar mai niƙa jiya. Dama ba ta da lafiya tun bara.

Ni da na sha a gaban kowa, ga ni garau.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan azahar

Tahira ba ta tashi ba yau. Marziya ta ce laulayi ne. A wata na bakwai?

Na leƙa na ce, "Raguwa, wa zai dafa mini shayi?" Ta yi murmushi ta buɗe ido.

Hasken ɗakin ne. Labulen mai launin kurkum ne, duk abin da ke ciki haka yake komawa.

Asabar, 25 ga Oktoba, da safe

Sakina ta ce a tafi Skardu yanzu, ba gobe ba. Ta ce ga mai ciki abin nan ba wasa ba ne.

Na ba su jif ɗin da ya fi lafiya. Na shimfiɗa bargona na Makka da hannuna. Da aka kwantar da ita ta kama hannun rigata ta ce, "Ata, ku yi masa magana mana. Na gaji da aike."

Na ce in kin dawo.

Nisar ya tsaya a bakin mota ya ce, "Ata, mun tafi." Na gyara madubin gefe. Na buga bayan motar sau biyu, yadda nake wa direbobi.

Litinin, 27 ga Oktoba, da la'asar

Da uwarsa yake waya. Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa daga ɗakin girki. An sa mata ƙarin ruwa. Uwar Tahira ta zo daga ƙauyensu tana jinya.

Na aika direba da man shanu da culi da abin da za su buƙata. Ban ce a ce daga ni ba ne. Daga wa kuma zai fito?

Laraba, 29 ga Oktoba, da hantsi

Bakir ya shigo kanti yana ɗingishi. Yatsun ƙafarsa uku ya baro a kan tsauni shekarar da na daina dako. Ya zagaya bayana yana ƙwanƙwasawa.

"Haji, wai gilashi aka sa maka a nan? Alfadarin Brakna ya zama fitilar ɗaki."

Na ce fita mini daga kanti, gurgun banza.

Ya ce, "Zan fita. Na zo ne in gaya maka kada ka damu da rabon Nisar. Zan goya nawa, in goya nasa. Ƙafa ɗaya da rabi ta isa."

Na ce zan ɗauko ɗan ƙwadago daga ƙasa in biya shi.

"Na gaya wa Apo haka za ka ce. Ya ce ƙanƙara ba ta san bayan haya ba. Wanda zai sha shi zai goya."

Na ce ba mu za mu sha ba, Bakir. Kai ma ka sani.

Ya ɗebi gyaɗa a buhu ba izini, ya ce, "Wanda ke cikin Tahira fa?"

Ya fita yana watsa mini ɓawo a bakin ƙofa.

Juma'a, 31 ga Oktoba, bayan salla

Na tsaya har kowa ya watse. Na tambayi liman hukuncin wanda ya rantse a kan abu, wani mutum ne a Skardu ya aiko ni in tambaya. Ya ce ya ciyar da miskinai goma. Ya ce kuma in gaya wa mutumin na Skardu ya nemi igiya mai faɗi, don kafaɗar da ta huta ta fi saurin yankewa.

Ba sirri a garin nan.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da magariba

Na gaya wa Apo. Bai yi godiya ba. Ya ce zangon ƙarshe ne nawa, daga tudun makiyaya zuwa kogo, ni da mace, Bakir da namiji.

Na ce wa Marziya kada ta kuskura ta gaya wa Nisar. Ta ce, "Don me? Zai ji daɗi." Na ce ba don ya ji daɗi nake yi ba. Kada ya ɗauka na sauko. Sunan gida ne kawai, ba a ce gidan Rozi Ali ya gaza baya ɗaya ba.

Ta ce Tahira ba ta gane uwarta ba yau da safe. Da rana ta gane.

Maganin ne. Magungunan asibiti suna sa haka.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Masu saro ƙanƙara sun tafi jiya. Gari tsit. Tsofaffi ne suka tafi, da malamin makaranta da tabaransa, da mai niƙa da bai gama makoki ba. Mata na dakan gawayi, suna tara ƙaiƙayi a buhu, suna cika goruna da ruwan gindin tsauni.

Na ɗauko kwando a rumbu na gwada. Ba kowa a wurin. Bayana ya gane shi tun kafin in ɗaure igiya. Abin ya ba ni haushi.

Sama wasai. Da muna yara, war haka an rufe hanya da dusar ƙanƙara.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da la'asar

Apo ya bi gida-gida ya ce kowa ya bar wayarsa a gida. Na ce to.

Gobe.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan magariba

An kai. An rufe.

Na tarar da takalman mata a ƙofar gidana, da yawa.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Ba komai.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Bari in rubuta yadda aka yi, don in wani ya zo yana cewa kaza, ga yadda aka yi.

Muna tudun makiyaya tun da sassafe, ni da Bakir da Apo a kan jaki. Da hantsi suka ɓullo. Malamin makaranta ne ke goye da macen, fuskarsa ta yi fari, leɓɓansa sun tsage, ba tabarau. Bai ce komai ba, ba shi da ikon cewa. Ya juya baya, na juya baya, mutum biyu suka ɗaga kwandon daga bayansa zuwa bayana. Bai taɓa ƙasa ba. Da ya rabu da ita sai ya zube a wurin yana kuka kamar yaro.

Tana da nauyi. Ba nauyin kayan Turawa ba, wannan sanyi ne ke ratsa bargo ya shiga ƙashi. Tana ɗiga a gadon bayana. Wuni biyu da kwana tana tafe a bayan mutanen Brakna, ba wanda ya yi tari da sunan magana.

Na taka. Ƙafata ba ta manta ba. Bakir na bayana da namijin, ina jin jan ƙafarsa.

Wayar tana aljihun ƙirjina. Na ce wa Apo to, amma ban bar ta ba. Wa zai bar waya surukarsa na kwance?

Akwai wata 'yar kwana a saman tudun, nan kaɗai sabis ke kamawa. Muna kaiwa ta fara ruri. Na san Nisar ne. Ba ya kirana, sai uwarsa. Tun ranar kwaɗo bai kira lambata ba.

Na zaro da hannu ɗaya. Na danna. Na kara a kunne.

Ba zan rubuta abin da ya fara faɗa ba.

Na tsaya cak. Apo ya juyo a kan jaki. Bakir ya zagayo ta gabana, kwando a baya, ya dube ni. Bai girgiza kai ba, bai yi mini alama ba. Kallona kawai yake. A bayansa ina hango su a ƙasa, waɗanda suka gama zangonsu suna biyo mu a hankali, wasu ana riƙe da su. Mai niƙa. Baɗi rabinsu ba za su iya ba. Baɗi rabinsu ba sa garin.

Bakina a buɗe yake. Wallahi a buɗe yake.

Ya ce, "Ata, kuna jina? Ina jin numfashinku."

Ya ce, "Ata, don Allah ku ce wani abu. Ban san yadda ake yi ba. Sun ba ni takarda in sa hannu, ban san inda zan kai ta ba."

Sannan ya ce, "Zan cire kwaɗon. Na ji, zan cire. Ku yi magana."

Ruwanta na bin bayana har cikin wando.

Na ɗaga ƙafa na taka. Taku kaɗan sabis ya ɗauke.

Sauran ban san yadda na yi ba. An kwantar da su a kogo gefe da gefe, an jera goruna, an zuba gawayi da ƙaiƙayi, an rufe da rassan itace. Liman ya yi addu'a, aka yanka akuya. Ba a gama jera duwatsun bakin kogo ba sai da rana ta yi ja. Da aka sa na ƙarshe Apo ya ce, "To, ku yi magana." Kowa ya ɓarke da kabbara.

Na gangaro da gudu har 'yar kwanar. Wayarsa a kashe.

Da la'asar ɗin ranar aka binne Tahira, a ƙauyen ubanta. Bai kawo ta Brakna ba. Ba ta zo mana a mota ba.

An ciro yarinya. Bakwaini. Tana cikin kwalba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da safe

Marziya ce ta dafa shayi. Gishiri ya yi yawa. Na shanye.

Talata, 11 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mun je zaman makoki, ni da Marziya da Bakir. Nisar ya rame. Ya tashi ya ba ni hannu biyu, ya nuna mini wurin zama cikin baƙi, ya sa aka kawo mini shayi. Na ce, "Nisar." Karo na farko ke nan. Ya ce, "Na gode da zuwa, Haji."

Haji.

Uwarsa ta ja shi bayan ɗaki. Na bi su na tsaya a bakin katanga. Tana kuka tana ce masa, "Ba fushi ba ne, ɗana. Goye yake da ƙanƙarar, rabonka ya ɗauka. Shi ya hana in gaya maka."

Ya ce, "Na sani, Amo. Bakir ya gaya mini."

Ta ce, "To?"

Ya ce, "Ƙanƙarar ta isa lafiya?"

Ta ce ta isa.

Ya ce, "To madalla."

A hanyar dawowa Bakir bai yi wasa ko ɗaya ba. Sai da muka hango gari ya ce, "Da ka yi magana, da ban gaya wa kowa ba." Na ce Apo na wurin. Ya ce, "Apo ba ya ji sai an ɗaga murya, Rozi. Ka manta?"

Na ce wa direba ya tsaya. Na sauka na ƙarasa da ƙafa.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan salla

Apo ya miƙe a masallaci ya ce tun da yake bai taɓa ganin namiji irin ɗan Ali ba. Ya ce za a riƙa ba jikoki labari. Mutane suka yi ta zuwa suna shafa kafaɗata, daidai inda igiya ta yanka.

Duk rayuwata abin da nake so a faɗa a masallacin nan ke nan.

Sakina ta ce tun da aka rufe, sabon ido bai yi rawaya ba sai ɗaya. Ba ni ta gaya wa ba, liman ta gaya wa, ina kusa.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da hantsi

Gida biyu sun kwashe zuwa Skardu. Motata suka hau. Mai niƙa na ciki. Ya ce zai dawo in amarya ta haihu. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Idon ruwan gindin tsauni ma ya fara ja. Mata na daɗewa a layi.

Talata, 18 ga Nuwamba, da la'asar

Direba ya dawo da jif ɗin da bargona na Makka, a ninke. A cikin bargon akwai mabuɗi.

Ya ce an sallami yarinyar. Ya ce Nisar ya samu aiki a wani shagon taya a Karachi, ya tafi da ita da kakarta. Na ce wane suna aka sa mata? Ya ce bai tambaya ba.

Shagon taya. Yana da motoci uku a gida.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da safe

Na je tanki da mabuɗin. Na tsaya. Kwaɗon ya fara tsatsa, kayan yanzu ba su da ƙarko. Na hau na ɗaga murfi na leƙa.

Na mayar da murfin.

Mabuɗin na aljihuna. Na ce da hannunsa zai cire.

Asabar, 22 ga Nuwamba, bayan azahar

Na hau kogon ni kaɗai. Ba a buɗewa, ba a leƙawa, haka ƙa'idar take. Na kara kunne a jikin duwatsun. Ba a jin komai. Ban san me nake so in ji ba. In ta ɗiga narkewa take, in ba ta ɗiga ba wa ya sani.

Na ce mata, "Na kawo ki. Saura ke."

Na cire rigar sama a hanya saboda zafi. A ƙarshen Nuwamba.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Sama wasai.

Marziya ta ce sunan yarinyar Tahira. Ta daɗe da sani.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da la'asar

Na kira shi. Na hau rufin ɗaki inda Marziya ba za ta ji ba. Na shirya abin da zan faɗa tun safe, har na maimaita a kanti.

Ya ɗauka.

Na ce, "Nisar, ni ne."

Ina jin hon ɗin motoci, da wani na buga ƙarfe. Ina jin numfashinsa.

Na ce, "Kana jina?"

Na ce an yi sanyi kaɗan jiya. Na ce uwarka na gaishe ka. Na ce Apo ya ce in an yi dusa sau biyu kafin ƙarshen shekara, ta kama. Abin da na shirya ban faɗa ba, ya tsaya a nan.

Na ce, "Ka ce wani abu mana."

Sai ƙarar motocin ta yi nisa, kamar ya shiga ɗaki ya rufo ƙofa. Na ji motsin zane. Na ji wani ɗan numfashi, ƙarami, da sauri da sauri, kamar na ɗan tsako. A bakinta ya kara wayar.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Bai kashe ba, ban kashe ba. Na zauna a kan buhun culi ina saurare, ina kallon tsauni baƙi ƙirin, har kuɗin wayar ya ƙare.

Shekara goma sha biyu. Za ta iya ɗaukar jarka a lokacin.

Ban san ko wani zai gaya mata hanyar garin ba.